Taron da Na Yi a Rumfar Mazarƙwaila

Kun ji labarin waccan shekarar a bakin kowa ban da nawa. Kun ji shi a kasuwar Makarfi, kun ji shi a ƙofar coci, kai Iliya har a ɗakinka an ba ka shi. An ce na ɗaura wa maza aure a gona. An ce an ga mutane da kawunan aljanu suna rawa. Masu tausayi suka ce tsufa ne ya taɓa mini kai. Yanzu idona ya fara rauni, hannuna yana rawa in na daɗe riƙe da biro, don haka bari in faɗa muku da kaina tun ina iyawa. Ba gafara na zo nema ba. Wanda yake jiran wannan ya rufe littafin ya je ya kama wani aiki.

A shekarar na riga na ajiye alli bayan shekara talatin ina koyar da kimiyya. Ubanku ya rasu ya bar mini gonar rake a Gubuchi, da rumfar da ake dafa mazarƙwaila, da ɗakuna biyu a gefenta. Kai Iliya kana Makarfi da iyalinka, ke Talatu kina gidan mijinki a Ikara. Ni da autanku Bitrus muke zaune, yana aikin haɗa wa mutane wutar sola. Tun yana ƙarami Bitrus ba ya ƙoshi da labaran duniyoyin da ke bayan taurari, kuma ni na jawo, domin ni na riƙa ba shi tsofaffin littattafaina. Da ya girma sai ya koma ƙaga nasa da Hausa a waya: jiragen da ke tafiyar shekara dubu, injunan da suka koyi yin fushi, mutanen da ke noma a kan wata.

Wata safiya ina tsince wake a tsakar gida ya zo ya tsuguna a gabana, ya sa hannu a farantin kamar zai taya ni.

"Mama, kin san ni ba zan yi aure ba."

"Na sani," na ce.

"Kin san dalili?"

"Ni na haife ka."

Kada ku ɗauka daga nan na rungume shi. Ban yi ba. Wata bakwai na yi ina ajiye masa abinci ba tare da na kalli idonsa ba. Na yi azumi, na yi addu'a har gwiwoyina suka yi kanta. Shi kuwa kullum sai ya gaishe ni a durƙushe, ya ɗebo ruwa, ya tafi aikinsa. Ran nan na dawo daga zumuntar mata na same shi zaune a dokin ƙofa, waya a hannu, yana kuka irin wanda rabona da in ji daga bakinsa tun yana goye. A nan ya gaya mini komai. Suna da zaure a waya, su kusan talatin, daga Ikara, Kudan, Makarfi, wasu daga Zariya. Dukansu masu son irin waɗannan labarai ne, kuma dukansu irinsa ne: maza masu son maza, mata masu son mata, da waɗanda jikinsu da zuciyarsu ba su zo ɗaya ba. Shekara uku suna karanta rubutun juna, ba wanda ya san sunan wani na gaskiya. Wanda ya fi kowa iya rubutu a cikinsu, wani saurayi daga wajen Kudan, ya yi shiru mako biyu. Ranar ne suka ji cewa 'yan uwansa sun gano shi, sun rufe shi a ɗaki, daga baya ya kashe kansa.

"Mama, ko fuskarsa ban taɓa gani ba," in ji Bitrus. "Da mun san juna, da ya san ƙofar da zai buga."

Ranar ban yi girki ba, da dare kuma ban yi barci ba. Na zauna ina tunanin uwar yaron nan. Ko ita ma ajiye masa abinci take yi ba ta kallonsa? Daga baya Bitrus ya ce suna so su haɗu ko sau ɗaya, su yi taro kamar yadda masu son irin waɗannan labarai suke yi a wasu ƙasashe, su karanta, su yi musu, su ga juna. Sun duba otal a Zariya, sun ji tsoro, domin kowa ya san abin da doka ta ce da abin da ke faruwa in an kai samame. Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba.

"Rumfar ubanka tana nan. Ba wanda ya taɓa kai wa mazarƙwaila samame."

Wadda ta riƙe ragamar shiri ita ce Zulai, wata mai gyaran waya daga Janfalan. Ta zo gidana a kan acaɓa, 'yar siririya cikin hijabi ruwan toka, ta gaishe ni har ƙasa, sannan ta fito da takarda ta shiga ba ni umarni kamar ita ce shugabar makaranta. Na so ta nan take. Muka tsaida lokacin saran rake, sa'ad da baƙin fuskoki ba abin kallo ba ne a gona, 'yan ƙwadago da masu saye suna ta shiga da fita. Ba za a gaya wa kowa wurin ba sai ranar. Kowa ya sauka a kasuwa, Bitrus ya riƙa kwaso su bibbiyu. Ba hoto, ba giya, ba sunan gaskiya sai wanda ya ga dama. Ni na ƙara nawa sharaɗin: mata a ɗakina, maza a ɗakin ajiya, kuma duk wayoyi a kwandona za su kwana.

"Mama, ai mu ba yara ba ne," in ji Zulai.

"A gonata kowa yaro ne. Kuma a shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, a ajiye butoci. Ba wanda zai rasa sallarsa saboda taurari."

Mako uku muka yi muna aiki. Na fito da allon da nake yi wa yara darasi a gida, muka rubuta tsarin kwana biyu. Bitrus ya rufe gefen rumfar da buhuna don ta yi duhu da rana, ya ɗaura farin zanen gadona a bango, ya jona majigi da sola. Na sayi buhun shinkafa rabi, wake, manja, na sa aka surfa mini masarar dambu. Wani tela daga Taba, Haladu, dattijo mai furfura wanda shi ma yana cikin zauren, ya aiko da kayan wasa da ya ɗinka daga buhunan taki, da ƙore da ya fafe ya shafa musu farin fenti a matsayin hulunan masu zuwa sama. Kawunan aljanun da aka ce an gani ke nan.

Saura mako guda, kai Iliya ka zo duba rake. Ka ga allon, ka ga zanen, ka ja ƙanenka gefe. Na ji muryarka tun daga madafa. Sannan ka zo wurina.

"Mama, kin san ko su wane ne za ki tara? Kin san za a iya ƙona gonar nan da ke a ciki? Ina da 'ya'ya mata, wa zai aure su?"

"Na san su. Ɗaya daga cikinsu da kai kuka sha nono ɗaya."

"In kin yi wannan, ba ni ba ke."

"Ka gaida gida," na ce.

Ka tafi ba ka waiwayo ba. Na koma madafa na tarar miyata ta kama. Ba zan ce maganarka ba ta da gaskiya a ciki ba. Tsoron da ka ji na ji ninkinsa. Amma na riga na auna, na ga tsoro bai taɓa tayar da wanda aka binne ba.

Mutum ashirin da uku suka zo. Har yau ina ganin yadda suka riƙa shigowa rumfar, kowa yana raɓe-raɓe, ba mai kallon wani. Akwai malamin firamare, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai mai sayar da tumatir, akwai wata 'yar mawaƙan coci da na san uwarta, muka haɗa ido muka yi kamar ba mu san juna ba. Zulai ta ce kowa ya faɗi sunan da yake rubutu da shi. Da Haladu ya miƙe, da furfurarsa da carbinsa, ya ce shi ne wanda suke kira Gimbiyar Zahra, sai aka fashe da dariya har da masu faɗuwa daga benci. Shekara uku suna zaton yarinya ce 'yar ashirin. Shi ma ya yi dariya har hawaye suka zubo masa. Daga baya, yana cin dambu kusa da ni, ya ce:

"Malama, shekarata hamsin da shida. Yau ce rana ta farko da aka yi mini dariya ban ji kamar ƙasa ta tsage in shige ba."

Abin da suka yi a kwana biyun nan ke nan, tunda kuna son sani. Sun karanta labarai. Sun yi musu na awa biyu a kan ko injin da ya iya tunani yana da alhaki. Sun kalli fim a zanen gadona. Sun sa buhunan taki da ƙore sun yi wasan jirgin da ya ɓace da irin rake a cikinsa, matuƙansa suna faɗa a kan wanda ya shanye guzuri. Ni ma an ba ni sa'a guda, na tsaya gaban allo na gyara musu kimiyyarsu. Na ce wa mai tumatir, a can sama babu iska, to ta ina jaruminka ya ji ƙarar fashewar jirgi? Ya ce Malama a bar shi haka, ya fi daɗi. Na ce ba a ajina ba. Rabona da in ji daɗin koyarwa haka tun ina da ƙuruciya.

Rana ta biyu, bayan azahar, maƙwabcina Malam Iro ya ratso ta cikin rake. Gonarsa ce ke manne da tawa, shi da ubanku sun yi shekara ashirin suna aron fartanya. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba, shi da yakan tambayi lafiyar kajina.

"Malama Rifkatu, mai unguwa yana tafe da samari. Kafin la'asar suna nan. Ki sallami baƙinki."

Na shiga rumfar na faɗa musu yadda ya faɗa mini, ban rage ba, na ajiye kwandon wayoyi a tsakiya. Mutum tara suka ɗauki nasu suka bi ta bayan gona, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Sauran suka kalli Zulai. Abu ɗaya ne ya rage a allon: labarin ƙarshe da saurayin nan na Kudan ya turo musu kafin ya mutu, wanda suka ajiye don su karanta tare, da murya.

"Shafi goma sha biyu ne," in ji Zulai. "Mama, za ki iya ba mu rabin awa?"

"Ku karanta a hankali," na ce. "Kada ku haɗiye masa kalmomi."

Na ɗauki kujerata ta tsuguno da ludayin juya ruwan rake, mai tsawon nan, na je na zauna a bakin ƙofar dangar. Ƙofar ba ta da faɗi, in na zauna na cika ta. Malam Iro ya tsaya yana dubana, ya girgiza kai, ya aika a gaya wa direban motar da ke lodin rake a gonarsa ya dakata, sannan ya dawo ya jingina da danga kusa da ni.

Sun fi ashirin, wasu da gora, ɗaya da galan ɗin fetur. Mai unguwa na gaba. Kai Iliya kana can baya, kanka a sunkuye. Na gaida mai unguwa yadda ya kamata, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, na tambayi jama'a, na tambayi ƙafar mahaifiyarsa, ban bar ko ɗaya ba. Dole ya amsa, domin da tarbiyyarsa. Sannan ya ce an kawo masa ƙara cewa na tara 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, in matsa su shiga.

"Baƙina ne, ranka ya daɗe. Suna karatu. In an gama sai ku shiga."

"Malama, kada ki sa mu yi abin da ba ma so."

"Ba ni zan sa ku ba. Duk abin da kuka yi, ku kuka yi."

Samarin suka fara hayaniya. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, na riƙa kiran sunan uwayensu, domin rabinsu uwayensu sun zauna a ajina. Na ce wa mai galan, je ka gaya wa uwarka Hanne cewa yau ka zo ƙona malamarta. Wani ya ɗaga gora ya matso, sai Malam Iro ya gyara tsayuwa.

"Ni ban san abin da suke yi a ciki ba," ya ce. "In abin da kuke faɗa gaskiya ne, ban yarda da shi ba, addinina bai yarda ba. Amma matar nan maƙwabciyata ce, uwar marayu, kuma ba a taɓa ta ina tsaye."

Mai galan ya zagaya zai watsa wa dangar. A nan na ga abin da ba wanda ya taɓa sa shi a cikin labarin da ake yawo da shi. Kai Iliya ka ratso mutane ka fizge galan ɗin, ka zubar da shi a kwata, ka tsaya kana haki. Na san kai ka kai ƙarar. Na kuma san ka kai ta ne kana zaton mai unguwa zai zo shi kaɗai ya watsa taro cikin lalama. Dukan biyun na gani, kuma dukan biyun na rubuta.

Duk wannan lokacin ina jin muryar Zulai daga nesa, tana hawa tana sauka, ba na rarrabe kalmomin. Can ta yi shiru. Na ci gaba da jan magana, na tambayi mai unguwa ko yana da takarda, na ce a kira mini dagaci, har na ji motar rake ta tashi daga gonar Malam Iro. Sannan na dafa ludayi na miƙe na ba su hanya. Suka tarar da allo, da zanen gado, da ƙore, da tukunyar dambu da saura a ciki. Baƙina suna kwance a kan rake suna hanyar titi. Bitrus ma Zulai ta tura shi motar da ƙarfi.

Ladan da na samu kun san shi. Na wuni a ofishin 'yan sanda, suna tambaya ina cewa taron karatu ne, suna neman sunaye ina cewa tsohuwa ce ni, mantuwa ta yi mini yawa. Suka gaji suka sake ni. 'Yan ƙwadago suka ƙi shiga gonata, rabin raken shekarar ya bushe a tsaye. Matan da na yi shekara goma sha biyar ina shugabanta a zumunta suka riƙa sauya hanya in sun hango ni. Ke Talatu, dangin mijinki sun hana ki zuwa wurina shekara biyu, na san abin da kika sha, ban kuma ɗauke shi da wasa ba. Bitrus bai sake kwana a Gubuchi ba. Yana wani gari mai nisa da ba zan rubuta sunansa ba, yana aikinsa, yana da wanda ke kula da shi in ya yi zazzaɓi. Shekara shida ke nan sai dai murya a waya. Wannan ne ya fi mini ciwo, kuma ni na jawo shi da hannuna, na sani.

Coci ta sa ni a horo: bencin baya, ba Jibin Ubangiji. Bayan wata shida fasto ya zo gida da dattawa biyu, ya ce in zan tashi gaban jama'a in furta laifina za a maida ni. Na ce to. Ranar Lahadi na tashi, cocin cike, har da waɗanda rabonsu da zuwa tun Kirsimeti.

"Ina da laifi," na ce. "Ɗana ya gaya mini gaskiya, na yi wata bakwai ban kalle shi ba. Na roƙi Allah gafarar wannan, na roƙi yaron. Na ciyar da baƙi kwana biyu kuwa, ku nuna mini ayar da ta hana."

Na koma na zauna. Har yau a bencin baya nake, kuma ba Lahadin da nake fashi. Wurin yana da iska, kusa da taga.

Zauren nasu yana nan, sun ƙaru. Zulai takan zo da Sallah ta kawo mini nama. Ta ce tun daga taron sau uku ana buga ƙofar wani daga cikinsu da gudu, kuma sau uku ana buɗewa. Haladu ya rasu bara, a gadonsa, su shida suka je jana'izarsa a matsayin abokan ciniki.

Saura magana ɗaya, kuma da kai nake, Iliya. Kakan aiko mini da hatsi ta hannun yaranka, ba ka shigowa. Ina karɓa, ina sa maka albarka. Na raba gonar gida uku a gaban shaidu, rumfar tana cikin kason Bitrus, kada wanda ya taɓa ta. Ranar da na mutu zai zo, ko an so ko ba a so. Ba zai shigo garin ubansa a ɓoye ba, ba zai tsaya a bayan jama'a kamar ɓarawo ba. Kai za ka je tasha ka tarye shi da rana tsaka, ka ɗauki jakarsa, ku ratsa kasuwa tare. Ba a sa ni a rami sai yana riƙe da gefe ɗaya na akwatin, kai kana riƙe da ɗayan. In mutane sun yi magana, ka ce uwarka ce ta sa ka. Sun san ni, za su yarda.